Maɓallin Junk na Roundcube yana kwashe saƙo, amma saba ba ta koyon komai

Sani_Apapa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimako kan imel ɗin wani kamfanin fito da kaya a tashar Apapa. Akwatuna 38 ne a saba ɗaya (kwamfutar da ke riƙe imel ɗin) mai Debian 12, da Postfix mai karɓa da aika saƙo, da Dovecot 2.3 mai riƙe akwatuna, Amavis da SpamAssassin ne ke tace saƙo, ma'aikata kuma ta Roundcube 1.6, shafin karanta imel a burauza, suke shiga. An kunna markasjunk, ƙarin Roundcube mai kawo maɓallin Junk, maɓallin ya fito, in aka danna saƙon yana komawa foldar Junk lafiya lau. Sai dai washegari irinsa ya sake faɗowa Inbox: masu cewa a sabunta BVN ko a rufe asusu, da takardun kuɗi na bogi da sunan kamfanonin jiragen ruwa. Wata biyu ana dannawa, babu canji. Ina ne aka kuskure? Kuma ya dace a riƙa kai ƙarar waɗannan saƙonni waje, ko a tsaya a cikin gida?

Habu_Ikeja ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Sani. Maɓallin aikinsa yake yi, iyakarsa kenan in ba a ɗaura masa komai ba. Yadda markasjunk ke zuwa, markasjunk_learning_driver a kan null yake, wato ya ɗauke saƙo ya ajiye a Junk, ya sa masa alama, shi ke nan. SpamAssassin bai ma san an danna ba.

Buɗe /etc/roundcube/plugins/markasjunk/config.inc.php. Mutane da yawa direban cmd_learn suke zaɓa, su sa umarnin koyar da SpamAssassin, sa-learn --spam %f, a markasjunk_spam_cmd, kuma a nan ake faɗawa rami. Roundcube da sunan www-data yake gudana, don haka abin da aka koya a gidan www-data zai zauna. Amavis kuwa da sunan amavis yake tacewa, ma'ajiyarsa tana /var/lib/amavis/.spamassassin. Ka ga kenan wani aka karantar, wani ya shiga jarrabawa. Ga kuma wata matsalar: idan an hana shell_exec a php.ini, umarnin ba zai ma tashi ba.

Shawarata direban dir_learn, mai ajiye kwafin saƙon da aka danna a folda. Ka buɗe folda biyu, misali /var/spool/koyo/banza da /var/spool/koyo/nagari, mai su www-data, rukuni amavis, izini 2770. Sa hanyoyinsu a markasjunk_spam_dir da markasjunk_ham_dir. Sai cron (mai gudanar da umarni a kan lokaci) na amavis, duk minti 15, ya gudanar da sa-learn --spam kan ta farko, sa-learn --ham kan ta biyu, ya goge fayilolin da ya gama da su. Gogewar nan kada a yi wasa da ita, kwafin wasiƙun mutane ne a zaune a fili. Yayin gwaji ka mai da markasjunk_debug zuwa true, ka riƙa leƙa /var/log/roundcube.

Kafin duk wannan, turo mana abin da sudo -H -u amavis sa-learn --dump magic ya nuna. Layin nspam (yawan na banza da aka koya) da na nham (yawan nagari) nake so in gani.

Bilkisu_Yaba ta amsa:

Abin da Yaya Habu ya faɗa daidai ne, sai dai akwai giɓi. Ma'aikacin da ke tsaye a layin Tin Can ko ya maƙale a cunkoson Oshodi ba Roundcube yake buɗewa ba, a wayarsa yake karanta imel. In ya ja saƙo zuwa Junk daga waya ko daga Outlook, markasjunk bai gani ba, domin bai bi ta kansa ba. Shi ya sa na fi son a ɗaura koyon a jikin Dovecot da imapsieve, mai gudanar da dokokin tacewa na sieve idan an motsa saƙo, ta yadda ko ta ina aka motsa saƙon, saba za ta sani.

A saitin Dovecot, a ɓangaren protocol imap a ƙara imap_sieve cikin mail_plugins. A ɓangaren plugin a sa sieve_plugins = sieve_imapsieve sieve_extprograms, a ƙara +vnd.dovecot.pipe da +vnd.dovecot.environment a sieve_global_extensions, a nuna sieve_pipe_bin_dir. Daga nan doka biyu ce. Ta farko: imapsieve_mailbox1_name = Junk, causes = COPY, before ya nuna report-spam.sieve. Ta biyu: imapsieve_mailbox2_name = *, from = Junk, causes = COPY, before ya nuna report-ham.sieve. COPY ya haɗa da MOVE, ba sai an rubuta shi daban ba.

Wurin da ake yawan ɓarna shi ne doka ta biyu. Mutum ya shiga Junk ya goge shara, saƙon ya tafi Trash. A idon Dovecot an fitar da saƙo daga Junk kenan, sai ya koyar da shi a matsayin nagari. Mutum mai tsafta guda ɗaya zai iya lalata muku ma'ajiyar cikin sati. Dole report-ham.sieve ya fara duba inda saƙon ya nufa, in Trash ne ya tsaya da stop. Sannan a haɗa fayilolin biyu da sievec tun farko, don sau da yawa Dovecot ba shi da izinin rubutu a wannan foldar.

Shi ma rubutun da sieve ke kira kada ya gudanar da sa-learn kai tsaye, da sunan vmail, mai riƙe fayilolin akwatuna, zai tashi, ku koma gidan jiya. Ya zuba saƙon a foldojin nan na Yaya Habu, a ba vmail izinin rubutu a cikinsu, cron ya ƙarasa. In aka bi wannan hanya sai a bar direban markasjunk a null. Wannan tsarin rubutu na Dovecot 2.3 ne, a 2.4 an canza shi sosai, kada a kwafa a liƙa.

Sani_Apapa ya rubuta:

Allah ya saka da alheri. Malam Habu, nspam 0, nham 61. Kuma na duba saƙon bogi guda, babu layin X-Spam-Status a kansa kwata-kwata. Sai kuma na lura folda biyu ce a akwatin wasu, Junk da Spam.

Habu_Ikeja ya amsa:

To ga amsarka nan a lambobin. Sifilin nan ya tabbatar ba a taɓa koyar da amavis saƙon banza ko ɗaya ba, 61 ɗin kuwa wataƙila na koyon kai-da-kai ne. Kuma Bayes, ɓangaren SpamAssassin mai koyo, ba ya sa baki a hukunci sai ya ga aƙalla na banza 200 da nagari 200. Ko ka gyara komai yau, in nham bai kai 200 ba, shiru za ka ji.

Kada ka jira maɓalli ya tara maka. Abin da aka danna wata biyun nan yana nan a foldojin Junk, ka tace shi da ido, ka cire na kuskure, ka koyar da shi gaba ɗaya. Nagari kuma ka nemi izinin shugaban kamfanin da masu akwatunan, ka ɗebo daga saƙonnin aiki da suka shigo, ba daga Sent ba. Wannan ɓangaren ya fi muhimmanci a harkarku fiye da ta kowa. Wasiƙar gaskiya ta wakilin jirgi cike take da maganar biyan kuɗi cikin gaggawa, lambar asusu, kuɗin jinkirin kwantena, wato kalmomin da 'yan 419 ke amfani da su sak. In na banza kaɗai matacin ya sani, ranar da ya fara aiki takardar sakin kaya ce za ta fara faɗawa Junk, kwantena na kwana a tasha kuɗi na hawa.

Rashin layin X-Spam-Status galibi abu uku ke jawo shi. Ko ba a cire alamar # daga layukan bypass_spam_checks_maps a /etc/amavis/conf.d/15-content_filter_mode ba, wato tacewar ma a kashe take. Ko sunan yankinku ba ya cikin local_domains. Ko makin saƙon bai kai 2.0 na sa_tag_level_deflt ba. Mai da sa_tag_level_deflt -999 a fayil ɗin 50-user, kowane saƙo zai fito da makinsa, ka riƙa ganin BAYES_99 mai ƙara 3.5 ko BAYES_00 mai rage 1.9. Ka sani kuma Amavis ba ya kallon required_score na local.cf, nasa ma'aunin sa_tag2_level_deflt ne, 6.31 a Debian. Kada ka sauke shi ƙasa da 5 sai Bayes ya yi makonni yana aiki. A ƙarshe sai dokar sieve mai kai duk saƙon da ke ɗauke da X-Spam-Flag: YES zuwa Junk, tare da final_spam_destiny = D_PASS, don saƙon da aka yi wa kuskure ya samu inda za a tsinto shi.

Folda biyun kuwa wayoyi ne suka ƙirƙiro Spam. Sa special_use = \Junk da auto = subscribe a kan Junk cikin 15-mailboxes.conf, junk_mbox na Roundcube ma Junk, a kwashe na Spam a goge ta.

Alhaji_Mudi_Agege ya amsa:

Malam Sani, kan tambayarka ta biyu. Kai ƙara waje yana da amfani, amma kada a jona shi da maɓallin kowa. Ma'aikata suna danna Junk kan wasiƙar labarai da su da kansu suka yi rajistarta, har kan saƙon abokin ciniki da ya dame su da tuni. In wannan ya tafi SpamCop, shafin da ke karɓar ƙarar saƙonnin banza, kai tsaye, kun kai ƙarar wanda bai ji ba bai gani ba, kuma kun fitar da wasiƙa mai bayanan mutane waje, abin da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ba ta ɗauka da sauƙi ba.

A buɗe akwati ɗaya na cikin gida, mutum ɗaya ya riƙa dubawa kullum da safe. Wanda ya tabbata na damfara ne, shi za a tura, a maƙale a matsayin fayil .eml. In aka yi turawa irin ta yau da kullum, layukan Received suna ɓacewa, ba a iya gano sabar da ta aiko shi. SpamCop ba ya karɓar saƙon da ya wuce awa 48, don haka na Juma'a da yamma kada ya kai Litinin. Na masu kwaikwayon banki kuma a aika wa bankin ta adireshin da ke shafinsa, a buga sunan shafin da hannu, ba ta mahaɗin da ke cikin saƙon ba.