Teku na shaƙewa: wace kalma za mu ba maganin?

Malamai na Damagaram, ku taimaka. Ina shirya darasi da Hausa kan abin da Faransanci ke kira désoxygénation, wato raguwar oksijen a ruwan teku, da dabarun injiniyoyi na mayar da ita.

Ga matsalar. Ruwa in ya yi zafi ba ya riƙe iska sosai, kuma na sama mai ɗumi yakan kwanta a kan na ƙasa mai sanyi, su ƙi cuɗanya. Daga 1960 zuwa 2010 tekunan duniya sun yi asarar wajen kashi 2 cikin 100 na oksijen. Takin gona da koguna ke kwasowa na ƙara ɓarnar, kamar yadda kogin Misisipi na Amurka ke yi a Tekun Meziko. Wanda ya ga kifi a tafki da bazara ya taso sama yana buɗe baki ya san abin.

Sunan cutar bai ba ni wahala ba: shaƙewar teku. Wani ƙanena ya ce "mutuwar teku", na ce a'a, mai shaƙewa ana iya ceto shi.

Maganin ne rigima. Wata Hajiya ta ce "fifita teku", yadda ake yi wa wanda ya suma. Hajiya, kalmar ta yi daɗi, amma mafici saman ruwa kawai yake taɓawa, cutar kuwa tana can ƙasa.

Wani dattijon maƙeri ya ce: "Ɗana, ku ce zuga. Zugazugi ba a kan wuta yake hurawa ba, ta ƙarƙashi yake shigar da iska." Wannan ya dace da dabarar tura oksijen zalla ta bututu zuwa ƙasan ruwa, irin wadda ake samu in an raba ruwa da lantarki don fitar da iskar haidurojin. Na san zuga na nufin ingiza mutum faɗa, amma wa zai ingiza teku?

Sai dai akwai dabara ta biyu. A Byfjorden, wani mashigin teku na ƙasar Suwidin, an gwada famfo mai tura ruwan sama zuwa ƙasa. Nan ba zuga aka yi ba, damu aka yi, kamar ludayi cikin fura.

Don haka na rubuta biyu: zugar teku da damun teku. Baba maƙeri ya yarda da ta farko. Ta biyu ya ce sai ya tambayi mai furar ƙofar gidansu.