Neman shawara: mu bar masu bindiga su tsare mana masallaci ranar Juma'a?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin kwamitin wani ƙaramin masallaci a jihar Texas ta Amurka, yawancinmu 'yan Afirka ta Yamma ne, kuma ranar Juma'a mata da yara suna zuwa sosai. Wasu matasanmu da suka mallaki bindiga sun nemi a ba su izini su riƙa shigowa da ita. Hujjarsu cocin garin White Settlement a nan Texas, inda wani ɗan cocin ya harbe maharin nan take. Dattawa kuma suna ɗari-ɗari. Don Allah masu ilimin abin, daga ina za mu fara?

Wani mai koyar da harbi: Wa alaikumus salam Alhaji. Matasan nan su sake duba abin da ya faru a cocin ranar 29 ga Disamba, 2019, domin rabin labarin suka riƙe. Jack Wilson, wanda ya harbe maharin, shi ne shugaban masu gadin sa-kai na cocin, kuma ya daɗe yana koyar da harbi. Tun shigowar maharin da gemun bogi da gashin bogi suka sa masa ido. Duk da haka, cikin daƙiƙa kamar 6 maharin ya kashe mutum 2, ɗayansu mai gadi ne da ke ƙoƙarin zaro tasa bindigar. Wilson kuma sai da ya dakata mutanen da suka miƙe tsakaninsu suka kauce, sannan ya saki harsashi ɗaya tak.

Wannan dakatawar ita ce aikin, kuma ita ce wadda marar horo ba ya iya yi. Idan tsoro ya kama mutum hannu yana rawa, ido ya kafe a kan maharin, ba ya ganin yaron da ke bayansa. Bangon cikin gine-ginen Amurka kuwa allo ne mara kauri, harsashin ƙaramar bindiga yana huda shi ya wuce. To ku tambayi kanku: wa ke bayan bangon? A masallatai da yawa sashen mata ne.

Shawarata, kada ku ba da izinin kowa da kowa. Ku zaɓi mutum 3 ko 4 masu sanyin rai, a rubuta sunayensu, kowa ya san ɗan uwansa da wurin tsayuwarsa. Su yi atisaye tare aƙalla sau ɗaya a wata, da agogo, suna zarowa daga ƙarƙashin irin rigar da suke sawa ranar Juma'a. Jallabiya da babbar riga suna harɗe hannu. Kuben ya zama mai tauri wanda ya rufe kunama gaba ɗaya, ya riƙe bindigar ko a ruku'u da sujada. Kuma ba a cire ta a ajiye a wurin alwala ko bayan gida, ko na minti ɗaya.

Wata lauya: Alhaji, kafin komai ku duba takardun zaman kowannensu. A dokar tarayya, mai biza ta ɗan lokaci, kamar ɗalibi ko baƙo, bai halatta ya riƙe bindiga ba sai a 'yan yanayi ƙalilan, marar takarda kuwa haramun ne gaba ɗaya. Mai katin zama na dindindin yana iya mallaka. A Texas, tun 2017 doka ta yarda wurin ibada ya sa 'yan sa-kai gadi ba tare da lasisin kamfanin tsaro ba, da sharaɗin kada su sa kaki ko bajo mai nuna su jami'an tsaro ne. Idan haya kuke yi ku karanta yarjejeniyar mai ginin, ku kuma sanar da kamfanin inshorarku a rubuce. Ko Wilson sai da aka kai batunsa gaban masu tantance tuhuma, a 2020 suka ce babu laifi a kansa.

Wani malami: Ni abin da ya fi damuna sahu ne. Idan aka tada iƙama kowa ya fuskanci alƙibla, ƙofa tana bayanmu, ba mai ganin wanda ya shigo. Mai bindigar da ke tsakiyar sahu bai tsare kowa ba. Aya ta 102 a Suratun Nisa'i ta nuna wani rukuni yana salla, wani yana gadi. Don haka a samu mutum 2 a waje, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a wurin ajiye motoci, a riƙa karɓa-karɓa kowane mako, limaminku ya yi musu bayanin yadda za su sauke farillarsu.

Sannan ƙofar kanta. A Halle ta Jamus, a Oktoban 2019, mahari ya yi ta harbin ƙofar wurin ibadar Yahudawa ta ƙi buɗuwa, mutum sama da 50 da ke ciki suka tsira. Da an fara huɗuba a bar mashiga ɗaya. Sauran a kulle su daga waje kawai, daga ciki da an tura su buɗe. Sarƙa da kwado a ƙofar fita kuwa tarko ne. A kwashe tulin takalman da ke bakin ƙofa a mayar kan kanta, domin a kansu mutane ke tuntuɓe idan aka ruɗe.

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam ya yi gaskiya, ina ƙarawa da jini. Idan harsashi ya tsinka babbar jijiya, mutum na iya rasuwa cikin minti 5, kafin motar asibiti ta iso. A harin cocin Sutherland Springs ta Texas a 2017, maƙwabcin da ya fito ba takalmi ya harbi maharin ya yi namijin ƙoƙari, amma rayuka 26 aka rasa. Ku sayi maɗaurin tsayar da jini na gaske, irin samfurin da ake kira CAT, aƙalla 4 a sashen maza, 4 a na mata. Na jabu da ake sayarwa da araha a intanet sandarsa karyewa take yi. Ana ɗaura shi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, a murɗa har jini ya tsaya ko da mutum yana ihu, a rubuta lokacin, kuma ba a sassautawa. Idan bai tsaya ba a ƙara na biyu a samansa. Raunin hammata ko matsematsi a cusa bandeji har ciki a danne da ƙarfi. Na ƙirji ba a cusa masa komai, rufe shi ake yi. Horon tsayar da jini na Stop the Bleed bai wuce awa 2 ba, ku tura mata ma.

Mai koyar da harbin: Saura abu ɗaya, Alhaji, isowar 'yan sanda. A Arvada ta Colorado, a Yunin 2021, Johnny Hurley ya harbe wani mahari, ya ɗauki bindigar maharin, ɗan sandan da ya iso ya zaci shi ne maharin, ya kashe shi. Da hari ya tsaya a mayar da bindiga kube, kada a taɓa makamin maharin, kada a bi shi idan ya gudu. Mai kiran lambar gaggawa ta 911 ya faɗi cewa akwai masu gadi da makami, da kalar kayansu. Da an ga 'yan sanda, hannu sama, tafi a buɗe. Ku gayyaci ofishinsu na unguwarku tun yanzu su zagaya ginin, su ga fuskokin masu gadin.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Zan kai wa kwamiti ranar Lahadi. Ƙofa da kayan tsayar da jini za mu fara da su a wannan makon, batun bindiga kuma sai mun ga takardun kowa.