Neman shawara: masu neman aikin rumbun bayanai suna cika baki a CV, yaya zan gane na gaskiya?

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Ina aiki a wani kamfanin sayar da magunguna da sari a nan Kano, muna da rassa a Katsina da Dutse. Lissafin kaya, bashin 'yan kasuwa da ranar ƙarewar wa'adin kowane magani duk suna cikin rumbun bayanai na kwamfuta da ke kan manhajar PostgreSQL. Wanda yake kula mana da shi ya samu aiki a Abuja, ƙarshen wata zai tafi, maigida kuma ya ɗora mini nauyin nemo magajinsa don ni ne na ɗan san kan kwamfuta a ofis. Iyakar sanina kuwa in rubuta SELECT, umarnin zaro bayanai daga rumbu, in fito da rahoton ciniki.

Ga abin da ya dame ni. Kusan duk CV ɗin da ya zo, mai shi ya jera manhajojin rumbun bayanai: Oracle, MySQL, PostgreSQL, SQL Server har da MongoDB, kowanne wai ya ƙware. Wani yaro da bara ya gama bautar ƙasa ya rubuta shekara bakwai yana wannan aiki. Na tambaye shi bambancin INNER JOIN da LEFT JOIN, hanyoyi biyu na haɗa bayanai daga teburi biyu, sai ya shiga yi mini lacca kan muhimmancin fasahar zamani ga ci gaban ƙasa. Wani ya amsa komai tsaf, amma da na tura masa laftof na ce ya fito mini da kwastomomin da ba su sayi komai ba a watan jiya, sai gumi ya keto masa. Akwai kuma wanda ya zo da takarda daga wani aminin maigida.

Ba na son in ci mutuncin kowa, ba kuma na son in damƙa dukiyar mutane a hannun wanda zai ƙona ta. Don Allah waɗanda suka san harkar ku ba ni shawara.

Wani tsohon mai kula da rumbun bayanan banki, daga Kaduna:

Wa alaikumus salam Malam. Ka bar tambayar baki, ana haddace ta a dare ɗaya. Tunda naku bai tafi ba tukuna, ka sa shi ya haɗa maka ɗan ƙaramin rumbu da sunaye da lambobi na ƙarya, ya ɗauki kwafin ajiyarsa da pg_dump, manhajar ɗaukar kwafi ta PostgreSQL, ya sa a filash. Duk wanda ya zo, ka miƙa masa filash da laftof ka ce: a ɗauka sabar, wato kwamfutar da rumbun ke ciki, ta ƙone da asuba, ga kwafin jiya, dawo mana da shi. Ka ba shi minti 30, ka zauna gefe ka yi shiru. Gani ya kori ji.

Abin da ya sa na fifita wannan a kan komai shi ne abin da ya samu kamfanin manhaja na GitLab ranar 31 ga Janairun 2017, kuma su ma PostgreSQL suke amfani da shi. Wani injiniyansu ya goge bayanai a babbar saba yana zaton yana kan ta biyu. Da suka koma ga kwafin ajiya sai suka tarar babu, ashe pg_dump ɗin da ke aikin na tsohon zubi ne, 9.2, rumbun kuwa 9.6, ya daɗe yana kasawa ba wanda ya lura. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin lamarin, na tsakanin nan kuma ya tafi. Waɗannan ƙwararru ne fa na gaske. Don haka in ya gama, ka tambaye shi: yaushe rabonka da gwada dawo da kwafin ajiya a inda ka yi aiki? Wanda ya taɓa riƙe rumbu na gaskiya zai ba ka labari da rana da abin da ya ba shi wahala. Wanda bai taɓa ba zai ce "kullum muna ɗaukar bakof", wanda ba shi ka tambaya ba.

Wata mai rubuta manhaja, daga Zariya:

Baba ya gama magana, ni ƙari kawai zan yi. Yaya, tambayar da ka yi ta kwastomomin da ba su sayi komai ba, mai kyau ce, kada ka sauya ta. Amsarta LEFT JOIN ne da IS NULL, ko NOT EXISTS. Ka lura da wanda zai rubuta alamar daidai a gaban NULL (gurbin da ba komai a ciki) maimakon IS NULL: ba zai ga kuskure a allo ba, kawai sakamako zai fito fanko, shi kuma ya ce maka ai babu irin waɗannan kwastomomin. Irin wannan ya fi wanda ya ce bai sani ba haɗari.

Masu jera suna biyar kuwa, ga tarkonsu. Ka ce: in na share teburi kaf da umarnin TRUNCATE cikin kuskure, ROLLBACK, umarnin janye aiki, zai dawo mini da bayanan? A PostgreSQL da SQL Server zai dawo, in dai an fara aikin da umarnin BEGIN kafin nan. A Oracle da MySQL ba zai dawo ba. Wanda ya yi aiki da su da gaske, kafin ya amsa zai ce "a wanne?" Sannan ka ce ya sauya farashin magani guda ɗaya, ka ga ko zai fara duba layin da SELECT kafin ya yi UPDATE, umarnin sauyawa. Mantuwa sau ɗaya da WHERE, mai nuna layin da za a sauya, duk magungunanku sun koma farashi ɗaya, daga farasitamol har insulin.

Wani matashi mai neman aiki, daga Jos:

Ku yi haƙuri manya, bari in faɗi namu ɓangaren. Ku duba sanarwar aikin da kamfanoni ke fitarwa: ana son mutum guda ya iya rumbu huɗu, ya gyara firinta, ya ja wayar intanet, ya yi shekara biyar yana aiki, albashi kuma "sai an tattauna". In ka rubuta gaskiyar abin da ka iya, ko kira ba za a yi maka ba. Da yawanmu a YouTube muka koya, wasu a shirin gwamnatin tarayya na horar da matasa fasahar zamani, 3MTT, da aka fara a 2023, ba wanda ya taɓa ba mu sabar gaske muka riƙe. CV ɗin ma wani sa'in na aboki ake karɓa a sauya suna. Ban ce daidai ba ne. Amma Yallaɓai, me kai ka rubuta a taka sanarwar?

Mai tambaya:

Ƙanena, ka taɓo inda ke ciwo. Sanarwar sashen ɗaukar ma'aikata ne suka rubuta, kuma lallai sunayen nan duk suna ciki, alhali mu guda ɗaya muke amfani da shi.

Tsohon ma'aikacin banki:

To a gyara sanarwar. Amma ɗana, akwai bambanci tsakanin mai ƙara wa miya gishiri da mai ƙirƙiro shekara bakwai. Na farko in an matsa shi zai ce "gaskiya Oracle sau ɗaya na girka shi a laftof, wanda na fi sani MySQL ne". Wannan zan iya ɗauka in koya masa. Wanda ya kafe kan ƙarya a gaban mai intabiyu, ranar da ya goge lissafin reshen Katsina ma haka zai kafe, kuna ta neman laifin wutar lantarki har kwafin ajiya mai kyau ya wuce.

Wata jami'ar ɗaukar ma'aikata, daga Abuja:

Ni kan mai takardar alfarma zan yi magana, don shi ne zai fi ba ka ciwon kai. Kada ka yi jayayya da Alhaji maigidanku, kada kuma ka ce yaron bai iya ba. Tun kafin ranar ka kai masa takardar gwajin, ka ce kowa wannan zai yi, ka roƙe shi ya zo ya zauna ko na minti goma. Wanda zai tafi Abuja shi ya ba da maki, a rubuce. In yaron ya ci, alhamdu lillahi, kowa ya huta. In ya kasa a gaban idon Alhaji, shi da kansa zai nema masa wani gurbi a sito ko wajen rasit.

Ka kuma tuna masa cewa yanzu akwai dokar kare bayanai ta 2023, da hukumar da ke kula da ita, NDPC. In bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, awa 72 doka ta ba kamfani ya sanar da hukumar. Sunayen kwastomominku da lambobin wayarsu da bashin da ake bin su duk sun shiga ciki. 'Yan kasuwa sun fi jin wannan yaren.

Wani mai aikin kwamfuta, daga Maraɗi:

Mu ma nan haka muke fama. Abu ɗaya: kada ka yarda da intabiyu ta Zoom kaɗai, ana buɗe ChatGPT a waya a karanto maka. Ya zo ido da ido. In ya zo kuma ka bar masa intanet a buɗe, don ba wanda ke aiki da hadda. Sai dai duk abin da ya kwafo, ka nuna layi ɗaya ka ce me wannan yake yi, me zai faru in na cire shi.

Sannan nawa za ku biya? Wanda ya ƙware da gaske yana iya aiki daga ɗakinsa a biya shi da dala. In kuɗinku ba su kai ba, ku ɗauki yaro mai gaskiya da ya ci rabin gwajin, ku yi yarjejeniya da tsohon naku ya riƙa leƙowa daga Abuja duk wata yana duba kwafin ajiya.

Mai tambaya:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da wanda zai tafi, ya ce zai haɗa rumbun gwajin kafin Asabar. Tambaya ta ƙarshe: in mun ɗauka, mu ba shi dukkan makullai tun ranar farko?

Mai rubuta manhaja:

A'a Yaya. A watannin gwaji a buɗe masa asusun karatu kawai a kan rumbun gaske, duk wani gyara ya fara yi a kan kwafi, tsohon naku ya duba kafin a ɗora. Kalmar sirrin babban asusun rumbun, wato postgres, ta zauna wajen Alhaji a ambulan, kuma a sauya ta ranar da wancan ya ajiye aiki. Kada a manta da ta sabar ita kanta.