Neman kalmar Hausa: float switch da relay

Malamin Lantarki: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan koyar da yaranmu masu koyon sana'a yadda ake sarrafa famfunan wet well, wato ramin da ruwan ƙazanta ke taruwa kafin a tura shi gaba. Ramin na kira shi rijiyar tari. Inda na maƙale shi ne float switch da relay. Float switch, wato makunnin da ke bin tsayin ruwa, guda huɗu ake ratayawa a ramin: na ƙasa yana kashe famfo kada ya yi aiki a bushe ya ƙone, na biyu ya ta da famfo ɗaya, na uku ya ƙara ɗayan idan ruwa ya fi ƙarfinsa, na sama kuma ya kaɗa ƙararrawa.

Baban Hafsa: Wa alaikumus salam. Makunnin gora. Yadda gorar masuntan Argungu ke bin ruwa, haka shi ma: ruwa ya ɗago shi, ya karkata, makunnin cikinsa ya haɗa wuta.

Mai Wayarin: Ya yi daɗi a kunne, amma a shago fulot ake cewa. Yaro ya je Sabon Gari ya ce makunnin gora, me za a miƙo masa?

Baban Hafsa: Relay kuma ɗan aike. Fulot ƙaramar wuta yake ɗauka, a ce bolt 24, ba zai iya da bolt 415 na famfo ba. Saƙo yake bayarwa, relay ya kai wa kwantakta, babban makunnin da ke ba famfo wuta.

Dattijo: Madalla, wannan ce Hausa. Fulot, rile, kwantakta, duk lalaci ne. Ni ma famfon da za ku ce mazuƙi.

Mai Wayarin: Baba, da girmanka, famfo tun kakanninmu ya zama ɗan gida, kamar mota da asibiti. Mu da hannunmu ke cikin ƙazantar nan muna cire tsumma da maiƙon da ke riƙe fulot, mu ne malalata?

Ɗan Damagaram: Mu nan rele muke cewa, daga Faransanci. Kullum a Kano ake yanke wa Hausa hukunci, ba a tambayarmu.

Dattijo: Ai shi ya sa nake cewa a bar aro. Ɗan aike, da Zinder da Zariya kowa ya gane.

Malamin Lantarki: Jama'a, a yi haƙuri, lokaci. Na gwada ɗan aike a takardar darasin, sai ya rikice da firikwensin, wato fulot ɗin, don shi ne ainihin mai aiko saƙon. Kuma akwai rilen da ke sa famfunan su riƙa canji, wannan zagaye ɗaya, zagaye na gaba ɗayan, don kada guda ya gaji shi kaɗai.

Ɗan Damagaram: Mai karɓa-karɓa ke nan.

Malamin Lantarki: Na ɗauka. Zan rubuta makunnin gora, in sa fulot a gefe saboda kasuwa. Rile zai zauna yadda yake, wancan kuma rile mai karɓa-karɓa.

Dattijo: Gorar dai na yarda. Rilen ban yarda ba, amma ajinka ne.