Me ya sa 'ya'yanmu maza suke ja da baya a karatu, ƙannensu mata suna wuce su?

Maman Yara, Unguwar Rogo:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da malamai a kan wani al'amari da ya daɗe yana hana ni sukuni. Ina da ɗa mai shekara 15 wanda yake ajin farko na babbar sakandare a nan Jos, da ƙanwarsa mai shekara 13, kuma makarantarsu ɗaya, kuɗin da muke biya musu ɗaya, a ɗaki ɗaya suka tashi. Yarinyar ba ta fita daga sahun gaba a ajinsu, kuma ta kusa sauke Alƙur'ani a Islamiyya. Shi kuwa tun daga aji biyu na ƙaramar sakandare sakamakonsa yake ta sauka, har ya kai yanzu malamansa suna shakkar ko zai iya samun kiredit biyar a jarrabawar WAEC. Ba yaro ne mara kunya ba, kuma yana da basira a hannunsa, domin duk fitila ko fankar da ta lalace a gidan nan shi yake gyara ta, amma da zarar an ce ya ɗauki littafi sai jikinsa ya mutu.

Da na yi wa mahaifinsa magana, sai ya ce namiji ba ya rasa yadda zai yi. Wannan magana ce ta ƙara tayar mini da hankali, saboda haka aka riƙa faɗa a kan ƙannena maza biyu, waɗanda yau sun haura shekara talatin ba sana'a tsayayya, ba aure, alhali 'yan'uwanmu mata ɗaya tana koyarwa, ɗaya tana aikin jinya, kuma su ne suke ɗauke da hidimar mahaifiyarmu. Shin wannan matsalar gidanmu ce kaɗai, ko kuwa wani abu ne yake faruwa da yara maza gaba ɗaya? Kuma ta ina ya kamata in fara?

Tsohon Hedimasta, Gangare:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a. Ki kwantar da hankalinki a kan tambayar farko, domin ba gidanku kaɗai ba ne, kuma ba Jos kaɗai ba ce. A rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2022 ta ce yara maza miliyan 132 ne ba sa zuwa makaranta a duniya, wato fiye da rabin dukkan yaran da ke wajen makaranta, kuma a Amurka tun farkon shekarun 1980 mata suka zarce maza wajen samun digirin farko. A gwajin PISA da ake yi wa ɗalibai 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama, mata ne suke gaba a fannin karatu da fahimtar rubutu. Na kawo waɗannan ne don ki san cewa abin yana da tushe, ba baki aka yi wa ɗanki ba.

Abin da na gani a tsawon aikina shi ne, matsalar da take bayyana a babbar sakandare yawanci a firamare aka shuka ta. Yara maza da yawa suna jinkirin kama karatu idan aka kwatanta da mata sa'anninsu, kuma zama wuri ɗaya na tsawon lokaci ya fi yi musu wuya. A ajin da ɗalibai suka cika maƙil, malami ba shi da damar tsayawa a kan yaro ɗaya, saboda haka yaron yakan haddace abin da aka rera da baki, a ciyar da shi gaba kowace shekara, ba tare da ya iya karanta sakin layi ɗaya ya faɗi ma'anarsa ba. Haddar tana rufa masa asiri har aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Daga aji biyu darussa sukan yi yawa, kowanne kuma da Turanci ake rubuta shi, sai asirin ya tonu. Lokacin da kika ambata, shi ne daidai lokacin da na saba ganin haka.

Yaro namiji kuma ba ya cewa bai gane ba. Ya gwammace a kira shi mai taurin kai da a kira shi daƙiƙi a gaban abokansa, don haka sai ya koma kujerar baya, ya shiga surutu, ya fara latti, mu kuma malamai mu ɗauki bulala muna hukunta halin, mun bar ciwon. Shawarata ita ce kafin ki kashe ko sisi a kan malamin darasi na gida, ki zaunar da shi ku biyu kaɗai, ba a gaban ƙanwarsa ba, ki ba shi littafinsa na aji ya karanta miki shafi ɗaya a bayyane, sannan ya ba ki labarin abin da ya karanta da Hausa. Idan ya yi ta tuntuɓe, to karatu za a koya masa daga tushe, kuma yaro mai shekarunsa yana iya kamawa da sauri idan ba a kunyata shi ba. Ina kuma roƙonki ki daina auna shi da ƙanwarsa a gaban mutane, idan kina yi.

Malamar Islamiyya, Rikkos:

Baba Hedimasta ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina so in ja hankalinmu kada mu ɗauki halin da Amurka take ciki mu ɗora wa ƙasarmu gaba ɗaya. A karkarar Arewa har yau yarinya ce ta fi fuskantar haɗarin rashin shiga makaranta ko cire ta kafin ta kammala, kuma dalilin da ya sa aka kawo shirin AGILE na bunƙasa karatun 'yan mata da tallafin Bankin Duniya ke nan, wanda Filato tana cikin jihohin farko da suka shiga. Ci gaban da 'ya'yanmu mata suka samu a cikin gari da gumi aka same shi, kuma ba su ne suka tare wa maza hanya ba.

Duk da haka, abin da 'yar'uwata ta faɗa gaskiya ne a unguwanninmu, kuma ina ganinsa a kowace walimar sauka, inda layin mata yake ninka na maza. A ganina babban dalilin yana cikin gida. Yarinya ana sanin inda take a kowane lokaci, ana sanin ƙawayenta, tana da aikin da za a tambaye ta idan ba ta yi ba, kuma idan magariba ta yi tana cikin gida. Wannan tsaron, ko da tsoron abin kunya ne ya haife shi, ya koya mata tsara lokaci da kammala abin da ta fara, waɗanda su ne makaranta take buƙata. Shi kuwa yaro tun yana shekara goma ake sakinsa, ya ci abinci ya ajiye kwano ƙanwarsa ta wanke, ya fita ba a tambaye shi ina za shi ba, idan ya balaga a ba shi ɗakin zaure ko shagon ƙofar gida wanda ba mai leƙawa. Muna kiran wannan 'yanci, alhali sakaci ne. Sai kuma ga dubban yara maza da aka turo birni almajiranci ba tare da an biyo su da abinci ko kulawa ba, har ta kai gwamnatin tarayya ta kafa musu hukuma ta musamman a 2023. Hajiya, ki ba ɗanki aikin da ya zama nasa a gidan, ki sa masa lokacin dawowa, kuma ki nemi mahaifinsa ya zama shi ne mai tambayarsa.

Matuƙin Keke, Farin Gada:

Iyayena, ina neman izini in faɗi yadda abin yake daga ɓangaren samari, domin ni a aji biyu na babbar sakandare na tsaya. Sau da yawa ana ɗauka wauta ce take fitar da yaro daga makaranta, amma lissafi yake yi da abin da idonsa ya gani. Yana ganin yayansa ya shiga Jami'ar Jos, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya zaunar da shi wata takwas a gida, ya kammala, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo yana neman keken da zai ja. A gefe guda yana ganin sa'ansa da ya bar aji ya tafi haƙar kuza ko ya kama sayar da kayan waya a kasuwar Terminus, yana ɗinka sabuwar shadda, yana ba mahaifiyarsa kuɗin cefane, ana sa masa albarka. Yarinya ba ta da waɗannan ƙofofin a buɗe kamar yadda yaro yake da su, saboda haka makaranta ce hanyarta, kuma takan riƙe ta da hannu biyu. Sannan a gidaje da yawa, musamman waɗanda suka rasa uba ko dukiya a rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, ɗa namiji aka fara kallo ya fita ya nemo.

Abin da yaro ba ya gani shi ne kuɗin da ya yi masa yawa yana shekara 17, shi ne dai zai riƙa samu yana shekara 30, a lokacin da ake jiran ya kama haya, ya haɗa lefe, ya biya sadaki, ya ɗauki nauyin iyaye. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, idan mutum ya sayi mai ya cire kuɗin balas na mai keke, abin da yake saura ba ya ajiyuwa. A nan ne maza da yawa suke karaya. Mutum yana jin kunyar zama a gida, sai ya koma majalisa, daga nan shagon cacar ƙwallo, wasu kuma su faɗa bangar siyasa ko sara-suka. Hajiya, kada ki yi wa ɗanki wa'azi a kan darajar ilimi kawai, ya ji wannan ya gaji. Ki haɗa shi da mutumin da karatu ya amfana a zahiri, wanda zai gani da idonsa.

Mai Garejin Gyaran Mota, Bauchi Road:

Hajiya, maganar da kika yi cewa yaron yana gyara fanka da fitila ita ce ta tsaya mini a rai, kuma ina ganin ba a ba ta haƙƙinta ba. Tsarin karatunmu ya mayar da jami'a ita ce kaɗai ƙofar mutunci, ya bar koyon sana'a ga wanda aka yanke wa ƙauna, alhali a nan kusa muna da kwalejin fasaha ta gwamnati a Bukuru, akwai jarrabawar NABTEB da aka tanada domin masu wannan fanni, akwai kwalejin kimiyya da fasaha a Barikin Ladi, kuma hedikwatar hukumar ITF mai horar da ma'aikata a Jos take. Iyayenmu da yawa a kamfanonin kuza da masana'antu suka yi aiki da ƙaramin ilimi suka riƙe gidaje, amma waɗannan guraben sun ragu ƙwarai, kuma abin da ya maye gurbinsu yana buƙatar hannu da takarda a haɗe.

Ina faɗin haka ne domin kada a fahimce ni cewa a cire shi daga makaranta a kawo shi gareji. Motocin yanzu da kwamfuta ake gano ciwonsu, kuma yaron da ba ya iya karanta abin da na'urar ta rubuta zai ƙare a kwance taya da wanke fulogi, wanda ya iya kuwa cikin 'yan shekaru zai buɗe wurinsa. Haka yake a aikin sola da haɗa wutar gida. Yaran da suka fi samun nasara a hannuna su ne masu zuwa makaranta da safe su zo wurina ranar Asabar da lokacin hutu, kuma na lura da yawansu lissafinsu yakan gyaru da zarar sun ga amfaninsa a kan aiki. Amma a zaɓi ubangida da idon basira, domin akwai wuraren da yaro zai koyi ƙwaya kafin ya koyi sufana. Rahoton 2018 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, kuma uku cikin kowane huɗu maza ne.

Maman Yara, Unguwar Rogo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Hedimasta, idan na gwada shi na tarar karatun ne bai zauna ba, kana ganin ya maimaita aji, ko ya ci gaba ana taimaka masa a gefe?

Tsohon Hedimasta, Gangare:

Hajiya, ba na son maimaita aji ga yaro mai shekarunsa a makarantar da ƙanwarsa take biye da shi, domin kunyar da zai ji tana iya fitar da shi daga karatun gaba ɗaya, kuma maimaita darasin da bai iya karantawa ba ba zai koya masa karatu ba. Yana da sauran fiye da shekara biyu kafin WAEC da NECO, kuma wannan lokaci ne mai yawa. Ki nemi malamin firamare ƙwararre wajen koyar da karatu, ba malamin sakandare ba, zai fi kyau ya kasance namiji mai haƙuri, su riƙa zama minti talatin zuwa arba'in kowace rana, su fara da Hausa idan a nan ya fi sakewa, sannan su haura zuwa Turanci. A samo masa abin karantawa a kan lantarki da injuna tunda can zuciyarsa take. Ki je wurin malamin ajinsa ki roƙi a dawo da shi kujerar gaba, kuma a ƙarshen zangon karatu mahaifinsa ya je da kansa ya karɓo sakamakon, su zauna su duba shi tare darasi bayan darasi.