Idan Ƙungiyoyi Suka Yi Kunnen Doki a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

A ƙwallon Amurka (American football) na jami'o'i, ana yawan tambayar yadda ake tantance waɗanda za su je wasan ƙarshe idan ƙungiyoyi suka yi kunnen doki a rukuninsu, wato gungun jami'o'in da ke gasa tare. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a daina kallon jimillar nasarori, domin wasannin cikin rukuni kaɗai ake lissafawa. Idan ƙungiyoyi biyu ne, a fara duba wa ta doke wata. In ba su haɗu ba, sai a duba yadda kowacce ta yi da abokan karawar da suka yi tarayya. Ƙuri'a tana can ƙarshe.

Wasu sun ja kunne cewa kowane rukuni da dokarsa, a karanta kafin Nuwamba, lokacin da kakar wasa ke zuwa ƙarshe. Suna da gaskiya. A 2024, jami'o'in Arizona State da Iowa State da Brigham Young (BYU) da Colorado duk sun kammala gasar rukunin Big 12 da nasara 7 da kaye 2, amma biyun farko ne suka je wasan ƙarshe. Na tausaya wa magoya bayan BYU ƙwarai.