Ɗan'uwana daga Najeriya ya kusa wata uku a gidana a Tahoua: me doka ta ce?

Ɗan Adar, Tahoua:

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga waɗanda suka san doka. Ɗan ƙanwar mahaifiyata, haifaffen Illela ta jihar Sakkwato, ba Illelarmu ta nan ba, ya zo wurina yana koyon gyaran babur, kuma ya kusa cika wata uku. Ba shi da wata takarda sai katin ɗan ƙasa na Najeriya. Wasu sun ce mini tunda mun fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, sai ya nemi biza, wasu kuma sun ce tunda an soke dokar 2015 babu mai sake tambayar baƙo takarda. Wace magana ce gaskiya, kuma ni da na sauke shi akwai abin da ya hau kaina?

Tsohon Ma'aikaci, Yamai:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Duka maganganun biyu akwai gyara a cikinsu, domin an haɗa dokokin da ba aikinsu ɗaya ba. Doka mai lamba 2015-36 ta ranar 26 ga Mayu 2015 ta shafi masu safarar baƙin haure ne, wato direbobi da masu masauki da ke kai mutane Libiya da Aljeriya ta Agadez, kuma ita ce Janar Abdourahamane Tiani ya soke a watan Nuwamban 2023. Soke ta bai taɓa ƙa'idar shiga ƙasa da zama a cikinta ba, wadda ke da dokarta daban tun 1981. A ranar 13 ga Janairun 2025 ma an sa hannu a kan sabuwar doka mai lamba 2025-02, wadda ta wajabta wa baƙo mallakar takardar tafiya ko ta zama, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 da tarar sefa miliyan 5 zuwa 50 ga wanda aka kora ya ƙi fita, da kuma wanda ya taimaka wa baƙo ya shiga ko ya zauna ba bisa ƙa'ida ba. Abin da ya fi shafarka shi ne, duk wanda ya sauke baƙo, ko da kyauta ne, dole ya sanar da ƴan sanda.

Game da biza kuwa, gaskiya ne ficewarmu daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, amma tun a Disamban 2024 ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, suka bayyana cewa ƴan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba tare da biza ba. Sai dai shigowa daban, zama daban. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 kan zirga-zirga kanta kwana 90 ta ba baƙo, wanda zai wuce haka sai ya nemi takardar izinin zama, kuma wannan aikin hukumar DST ne ta ƴan sanda, mai kula da shige da fice. Kada ka jira kwanakin su cika.

Hajiya Mai Atamfa, Birnin Ƙonni:

Malam ya gama magana. Abin da zan ƙara shi ne ka raka yaron da ƙafarka zuwa ofishin ƴan sanda, da katinka da nasa da hotunansa, kada ka ba ɗan tsakani kuɗi a bakin tasha ya ce zai fito maka da takarda. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit, ka ajiye kwafi a gida.

Ɗan Ci-rani, Tahoua:

Baba, na gode da wannan bayani, kuma ina ganin ya kamata hukuma ta yi irinsa da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu a gidajen rediyo, domin yawancin masu sauke baƙi a Adar ba su ɗauki ɗan Sakkwato a matsayin baƙo ba, jini ɗaya ne da iyaka ta raba. Mutum zai iya faɗawa cikin tarar da ko gidansa ya sayar ba zai biya ba, alhali bai taɓa jin dokar ba. Ban ƙi ƙasa ta san wanda ke kwana a cikinta ba, musamman a wannan hali na tsaro. Amma mu tuna cewa kusan kowane gida a jihar nan yana da ɗa a Abijan ko Legas ko Libiya, kuma mun ga yadda ake sauke mutanen da aka koro daga Aljeriya a hamada kusa da iyaka, su taka wajen kilomita 15 a ƙasa kafin su isa Assamaka. Idan muna so a mutunta namu a waje, to wanda ya zo da katinsa yana neman ya gyara zamansa a sauƙaƙa masa, a kuma liƙa kuɗin takardar a bango kowa ya gani.

Ɗan Adar, Tahoua:

Allah ya saka muku da alheri. Ranar Litinin in Allah ya yarda zan kai shi, kuma zan tambaya ko ana kammala takardar a nan Tahoua ko sai an aika da ita Yamai.